Kunne da Inji Mai Ɗingishi

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tafiya da kalma uku a bakinsa, kamar mai tafiya da tsakuwa a cikin takalmi: ban ji ba. Ya faɗa wa foman, ya faɗa wa likita, ya faɗa wa matarsa, ya kuma faɗa wa mutumin da ya rasa idon. Duk sun karɓa. Shi kuwa ya san ƙarya ce. Ya ji.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da komawa cikin takardu ya kwanta. Kunne ake ce masa, tun yana saurayi a masaƙa. Da tsintsiya ya shiga, yana ɗan shekara sha bakwai, yana share ƙurar auduga daga ƙarƙashin injuna. Daga tsintsiya ya koma gwangwanin mai, daga gwangwanin mai ya kama sufana, har ya zama makanike mai kula da layi guda, inji arba'in da takwas. Zauren saƙa wuri ne da mutum ba ya jin tarin kansa. Inji ɗari huɗu ke bugawa a lokaci guda, ƙasa na rawa, haƙora na rawa, ruwan da ke cikin kofi ma rawa yake. Amma shi sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkata kai kamar kaza mai sauraren shaho, ya nuna inji guda a cikin ɗari huɗu ya ce bel ɗinsa ya saki. A duba, a tarar haka ne.

A wannan zaure ba a magana da murya. Da leɓe ake yi. Ka buɗe baki sosai, ka fitar da kalma ba sauti, na can ƙarshen layi ya karanta ya ba ka amsa. Da leɓe ake gaisuwa, da leɓe ake zagin foman in ya juya ƙeya, kuma da leɓe Kunne ya nemi auren ƙanwar Dogo.

Dogo masaƙi ne, inji shida ke hannunsa a layin Kunne. Mako ɗaya suka kama aiki, a benci ɗaya suke cin abincin rana. Ranar da Kunne ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ke ransa daga bayan wani inji, Dogo ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa masa da leɓe: “Na ba ka. Ba don halinka ba, don dai ka samu mai dafa maka, ka fita daga kwanona.”

Abin da masaƙi ya fi tsoro a duniya ƙoshiya ce. Itace ne mai nauyi, tsawon kamu guda, da bakin ƙarfe gaba da baya. Ita ke ɗaukar zare ta ratsa da shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta dawo, fiye da sau ɗari a minti ɗaya, ido ba ya kama ta. Wata sanda ce mai ɗaurin fata ke bugo ta. In fatar ta cinye, sai bugun injin ya soma ɗingishi, kamar mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya. Daga ɗingishi zuwa tashin ƙoshiya bai wuce numfashi goma ba, in ta tashi kuwa ba ta tambayar wa ke gabanta. Dokar ɗaya ce: duk wanda ya ji ɗingishi ya danne birki, ko da yadin wa zai lalace. Sai dai ba kowa ke ji ba. Masaƙi kunnensa ya rabu gida shida. Jin ɗingishi aikin Kunne ne, don shi aka ajiye shi.

Ranar da abin ya faru, kwana uku ke nan abokin canjinsa na kwance ba lafiya, shi ke yin aikin safe ya zarce da na rana. Matarsa na da tsohon ciki. Wajen ƙarfe biyar na yamma ya zauna a kan wata dilar auduga a ƙarshen layi, ya kifa kai a gwiwa. Sai ya ji shi. Na arba'in da bakwai ne, ɗaya daga cikin injunan Dogo, ya soma ɗingishi. Ya ɗago kai. Taku goma sha biyu ne tsakaninsa da birkin. Ƙafafunsa suka ce, bari mu ƙara numfashi ɗaya. Ya mayar da kai. Ba barci ba ne, ba kuma mantuwa ba. Gajiya ce kawai ta roƙe shi alfarma, ya yi mata. A numfashi na shida ya miƙe. A na bakwai ƙoshiya ta tashi.

Da aka tambaye shi ya ce bai ji ba. Wa zai musa? A cikin wannan ƙara ko aradu ce ta faɗi sai an nuna maka. Dogo ya yi wata biyu a asibiti, ya dawo da ido ɗaya da baƙin tabarau, aka mayar da shi ɗakin ninke yadi, inda ba abin da ke tashi sai ƙura. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Yana can kwance a asibiti aka haifa wa Kunne autarsa.

Tun daga nan Kunne ya zama mai gyaran duk abin da ya karye a gidan Dogo. Rufi ya yi yoyo, yana sama. Sarƙar keke ta zube, yana tsugune. Famfo, ƙyaure, rediyo, ba a kiransa sau biyu, sau da yawa ma ba a kiransa. Mutane na cewa, ka ga suruki na gari. Shi kuwa ya san ramin da yake zuba wa ƙasa ba shi da gindi.

Bayan shekara goma sha biyu aka rufe masaƙa. Jiniyar da ke tada unguwa ta yi shiru, mutane suka yi wata guda suna farkawa a kan lokacinta, suna sauraren abin da babu. Kunne ya kafa rumfa a bakin titi yana gyaran keken ɗinki da injin niƙa, har hannunsa ya soma rawa ya bar wa wasu. Kunnen hagu ya mutu a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata, na dama ya rage rabi. Matarsa ta riga shi tafiya bara waccan. Gwiwa ta miƙa masa sanda. Titin masaƙa kuwa ya daina binsa tun ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo. In hanya ta bi ta can sai ya zaga ta bayan tasha, ya ce wai ƙafa yake miƙewa.

Dogo ne ya ji labarin a rediyo. Ya zo da hantsi, ya zauna a kujerar ƙanwarsa marigayiya ba tare da an ce ya zauna ba.

“An mayar da gidan namu gidan tarihi.”

“Gidan wa?”

“Masaƙa, kurman banza! An share ta, an shafa mata fenti, ana shiga kallo. Mu ne tarihin yanzu, ni da kai.”

“To, a kalla lafiya.”

“Tare za mu.”

“Gwiwata fa.”

“Gwiwarka ta kai ka kasuwa jiya, na gan ka da idona. Ɗaya ne, amma ba ya ƙarya.”

Auta na tsakar gida tana shanya wankin babanta. Malamar asibiti ce, takan leƙo shi in ta samu hutu. Ta ɗaga murya yadda zai ji.

“Kawu ya yi gaskiya, Baba. Ranar Asabar ba ni da aiki, ni zan kai ku. Tun ina goye nake jin masaƙa, masaƙa, ban taɓa ganin cikinta ba.”

Ba ya iya ce mata a'a. Muryar uwarta gare ta.

Ƙofar ita ce dai, ta ƙarfe mai kaifin mashi a sama, sai dai an shafa mata kore. Inda manyan motoci ke juyawa da dilolin auduga an shuka furanni. Doguwar mafitar hayaƙi na nan tsaye, ba hayaƙi, kamar tabar da aka kashe aka manta a kan faranti. Inda suke buga katin shiga aiki kuwa an yi taga, wata yarinya na sayar da tikiti.

Dogo ya dafa tagar. “'Yata, shekara talatin da ɗaya ana biyana in shiga ƙofar nan. Yau kuma ni zan biya?”

Yarinyar ta yi dariya. “Tsofaffin ma'aikata kyauta ne, Baba, in dai da shaida.”

“Shaida?” Ya ɗaga baƙin tabarau kaɗan, ya nuna mata inda idon yake a da. “Ga katina.”

Dariyar ta tsaya mata a baki. Ta miƙo tikiti uku. Kunne ya kawar da kai yana kallon furanni.

Ɗakin farko na dukan masana'antun garin ne. A cikin akwatunan gilashi an jera abin da garin ya taɓa yi da hannunsa: sabulu mai tambarin da kowa ya manta, ashana, kwanon sha, batir, takalmin roba ƙafa ɗaya. Kowanne da 'yar takarda a gefensa, kamar majinyata a gadon asibiti. A wani akwati ya ga sufana da gwangwanin mai irin nasa sak, mai dogon hanci. An wanke shi tas, yana ƙyalli. Ya sunkuya ya shinshina gilashin.

“Baba, me kake yi haka?”

“Ba wari. Ba warin mai, ba na sitaci, ba na gumi.” Ya miƙe da ƙyar. “Sun wanke mu, Auta. Sun wanke mu sun shanya.”

A bango akwai hotuna. Dogo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kusan yana taɓa gilashi, sai ya tsaya cik a gaban wani mai ƙaton tumbi da usur a wuya. Ya juyo ya dubi Kunne, ya buɗe baki ba sauti: “Ga Ciki-Gaba.” Sunan da suke kiran foman ke nan. Ya ƙara da wata kalma da ba a faɗa a gaban 'ya'ya. Kunne ya ji dariya ta taso masa ba shiri, ta fito kamar tari.

“Kun fara ko?” in ji Auta. “Na hana ku gulma a gabana ba murya. Kawu, na ga bakinka fa.”

“Addu'a nake masa, 'yar nan.”

Wata budurwa mai farar riga, mai yi wa baƙi bayani, ta tattara su da wasu mutum goma ta ja su gaba. Ta san karatunta, ba laifi. Ta san shekarar da aka kafa masaƙa, ta san yadi nawa ake fitarwa a rana, ta san ƙasashen da ake kai shi. Kunne na kallon bakinta yana karantawa, don muryarta ba ta isa kunnensa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma kamar mutum ne ke ba ka labarin gidanku daga kan katanga.

Sai ta tura wata ƙofa mai faɗi ta ce, “Wannan shi ne zauren saƙa.”

Shirun ne ya fara dukansa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa jin takun ƙafarsa a wannan daɓe ba, yau har ƙarar sandarsa na dawo masa daga bango. Daga inji ɗari huɗu saura ashirin da huɗu, an jera su a tsakiya, an kewaye su da jar igiya a kan sandunan ƙarfe. Sauran wurin fili ne fetal, sai ramukan kusoshi a ƙasa, layi-layi, kamar gurbin haƙoran da aka cire. Hasken rana na saukowa daga tagogin rufi, tsaf, ba ko ƙwayar auduga ɗaya da ke yawo a cikinsa. A da hasken nan da ƙura yake saukowa, har ka ga kamar za ka iya yankansa da wuƙa.

Idonsa ya tafi neman lamba ba da izininsa ba. An shafe lambobin da fenti. Ya ji wani sanyi a ransa, ya kuma ji kunyar sanyin. Amma ginshiƙai ba su gusa ba, kuma shi da ginshiƙai yake gane layinsa. Na ɗaya, na biyu, na biyar. Can ƙarshe, inda dilar auduga take a ranar, an ajiye benci na baƙi, da kwandon shara a gefensa.

Bai so ya zauna a nan ba. Gwiwa ce ta yanke hukunci, don ba wani benci a zauren. Ya zauna, ya dafa sanda da hannu biyu. Daga nan ya hango Dogo ya bar taron, ya isa gaban wani inji, ya ture tabarau zuwa goshi, ya sunkuya ta saman igiya yana leƙen cikinsa da idon da ya rage masa. Kunne ya auna tsakaninsu da ido. Taku goma sha biyu, ko sha uku.

Mai bayani ta ɗaga hannu. “Yanzu za ku ji yadda wurin nan yake a da. An ɗauki wannan sautin a shekarar ƙarshe ta masaƙa, injuna na aiki. Masu ƙananan yara ku riƙe su, akwai ƙara.”

Wannan maganar Kunne bai kama ta ba, don ta juya masa baya. Abin da ya sani kawai, ƙasa ta farka a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Ta shigo masa ta diddige, ta hau ƙashin bayansa, ta zauna a haƙoransa. Baƙi suka toshe kunnuwa suna dariya, wata mata ta ja mijinta baya. Shi kuwa sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Shekara da shekaru yana zaune a bayan ƙofa yana leƙen maganar mutane, yau ga shi a inda kowa kurma ne, shi kaɗai ke ji. Ya rufe ido. Ga layi na ɗaya, lafiya lau. Ga wani bel da ke son mai, ba na gaggawa ba ne. Ga kekunan zare na wucewa. Ya bi su ɗaya ɗaya kamar makiyayin da ya tarar da garkensa bayan doguwar jinya.

Sai can ƙasa, a ƙarƙashin dukan bugun, ya ji wani na tafiya da takalmi ƙafa ɗaya.

Bai yi shawara da kowa ba, ko da gwiwarsa. Sanda ta faɗi can. Ya ga fuskar Dogo a bakin inji, ido ɗaya a buɗe, daidai hanyar ƙoshiya. Bai san yadda ya ci takun nan ba. Ya bangaje jar igiya, sandunan ƙarfe suka zube suna gangarawa, ya faɗa wa birkin da hannu biyu da dukan nauyinsa. Ƙarfen ya ƙi motsi, fenti ya like shi. Ya sake dannawa har fatar tafinsa ta saɓule. Birkin ya yi ƙasa.

Ƙarar ba ta tsaya ba.

Ya dubi injin. Ba zare, ba ƙoshiya, ko bel babu. Ƙarfe ne mai sanyi, wanda ya shekara ashirin da biyu bai numfasa ba. Ɗingishin kuwa na ci gaba a saman kansa, daga wata baƙar lasifika da aka ɗaure a jikin ginshiƙi. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, sai sautin ya yanke ɗif, kafin komai ya tashi.

“Baba! Baba, ba a taɓawa!” Mai bayani ta iso da gudu, mai gadi na biye da ita. Auta ta riga su, ta rungumo shi ta baya tana duba hannunsa.

“Yana ɗingishi,” ya ce. Muryarsa ta cika zauren, don da ƙarfin da ake magana a cikin ƙara ya faɗa. “Fatar sanda ta cinye. Ƙoshiya za ta tashi.”

“Wace ƙoshiya, tsoho?” in ji mai gadi. “Rediyo ne fa. Ka zo ka karya kayan mutane a kan rediyo?”

“A cikin rediyon naku yake! Akwai inji mara lafiya a ciki. Ranar da aka ɗauka, in ba a danne shi ba, wani ya ji jiki.”

Mai bayani ta dube shi, ta dubi lasifikar. Fushinta ya soma juyewa mamaki. “Shekara biyu ina kunna wannan, sau huɗu a rana, ni ban taɓa jin komai ba sai ƙara. Tsofaffin ma'aikata sun zo nan sun fi ɗari, wasu har kuka suke, amma ba wanda ya taɓa cewa haka.”

“Ai ba su ne Kunne ba,” in ji Auta. Tana danne masa ciwon da hankicinta, idonta ya kawo ruwa, fuskarta kuwa cike da alfahari. “Sunansa ke nan a nan gidan. Kin gan shi, kunne ɗaya ya mutu, ɗaya rabi, shekara saba'in. Babana ko a cikin barci inji ya yi wannan ƙarar sai ya ji. Ba a taɓa yin wadda ta wuce shi ba. Ko ba haka ba, Kawu?”

Dogo ya sauke tabarau daga goshi ya mayar da shi mazauninsa.

Kunne ya ji kamar an kwance masa zani a kasuwa, kuma 'yarsa ce ta kwance, da hannun ƙauna. Ba wanda ya gane a cikin mutanen nan, sai mutum ɗaya, kuma shi ne kaɗai Kunne bai iya kallonsa ba.

Mai gadi ya tada sandunan igiya yana ƙunƙuni. Mai bayani ta ce akwai akwatin magani a ofis, Auta ta bi ta don ta ɗauko bandeji da kanta, wai ba ta yarda da ɗaurin kowa ba. Baƙi suka wuce ɗaki na gaba suna waiwaye. Aka bar tsofaffi biyu a kan benci, sanda a tsakaninsu.

Hannun Kunne na zafi, gwiwarsa ta soma karɓar fansa, numfashinsa bai gama dawowa ba. Ya nemi kalma ukun nan a bakinsa, inda suka saba zama, ya tarar ba su da sauran amfani. Can wata ƙungiyar baƙi ta shigo da nasu mai bayanin, wani saurayi mai ƙaton agogo. Ya yi musu nasa karatun, ya danna maɓalli. Ƙasa ta sake farkawa.

A cikin ƙarar ne Kunne ya samu baki. Ya taɓa kafaɗar Dogo, ya juyo da fuskarsa sosai ta ɓangaren ido mai gani, ya yi magana da leɓe.

“Dogo. Ranar nan.”

“Wace rana? Ranaku na da yawa.”

“Na ji.”

Dogo ya daɗe yana kallon bakinsa, kamar yana jiran ko akwai saura. Babu saura.

“Na sani,” ya ce.

Kunne ya kasa rufe baki.

“Abin da idon nan ya gani na ƙarshe ke nan. Na juyo in kira ka ka duba mini wani zare, na gan ka a kan dila. Ka ɗago kai. Ka mayar. A lokacin ban gane ba. Sai a asibiti, ina kwance wata biyu ba abin yi sai tunani.”

“Ba ka faɗa ba.”

“In faɗa wa wa? Ciki-Gaba, ya kore ka, ƙanwata na fama da ciki wata tara? Ko ita zan faɗa wa, ta riƙa zuba maka abinci tana kallon hannunka?”

“Shekara biyu ke nan da rasuwarta.”

“Kai na jira. Maganarka ce, ba tawa ba.” Dogo ya goge baki da bayan hannu, don maganar leɓe na busar da miyau, kuma sun daɗe ba su yi mai tsawo haka ba. “Na yi shekara biyar ina tsanarka. In ka hau rufina, ina ƙasa ina riƙe maka tsani ina fatan ka faɗo. Daga baya na gaji. Tsana ma aiki ce, Kunne, kuma ita ba ta da jiniyar tashi.”

Baƙi na can sun toshe kunnuwa, wani na ɗaukar hoton injin da aka danne wa birki. Ba wanda ya kula da tsofaffi biyu da ke motsa baki kamar kifi.

“Kwana uku ban huta ba,” in ji Kunne. “Ƙafata ce ta ce...”

“Na san kwana nawa ne. Ina wurin.”

Kunne ya sunkuyar da kai. Ya tuna ba a sunkuyar da kai a maganar leɓe, ya ɗago.

“Ka yafe?”

“Kada ka tambaye ni manyan kalmomi, ban karya da kirki ba yau.” Dogo ya gyara zaman tabarau. “Ban sani ba. Wata rana e, wata rana in na zo zuba shayi na zuba a gefen kofi, a'a. Abin da na sani, yau na ga ka tashi. Ka makara da shekara talatin da huɗu, ka danne gawar inji, ka zubar wa mutane igiya, ka kunyata mu a gaban 'yan mata. Amma ka tashi.”

Kunne ya dubi tafinsa mai ciwo. Tsakuwar ba ta cikin takalmi kuma, sai dai wurin da ta daɗe tana ci na nan da raminsa. Bai ji sauƙi kamar yadda ya yi zato shekara da shekaru ba. Gajiya ya ji, irin ta bayan an tashi daga aiki, wadda ba a jin ta sai an ajiye sufana.

Can ƙofa ya hango Auta tafe da bandeji da robar ruwa, tana toshe kunne ɗaya da kafaɗa.

Sai ɗingishin ya dawo, daidai inda yake a cikin sautin, takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin bugu ɗari huɗu. Ya san lasifika ce, ya san ba zare ba ƙoshiya. Duk da haka cinyarsa ta zabura, tafin ƙafarsa ya nemi ƙasa, hannunsa mai ciwo ya dafa benci zai yunƙura.

Dogo ya ɗora hannu a gwiwarsa ya danne ta, kamar yadda ake danne birki.

“Zauna,” ya ce da leɓe. “Ƙara numfashi ɗaya. Ƙara goma ma. Yau ba abin da zai tashi.”